Kewar Abin Wasan da Ba Ka Taɓa Riƙewa Ba

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san da ganin kan rubutun wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku daure ku bi ni zuwa ƙarshe, in ya so sai a yi mini gyara kamar yadda aka saba.

Akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita wurin dattawan Amurka da Ingila, maza 'yan shekara sittin zuwa saba'in. Mutum ya yi ritaya, ga jikoki, amma sai ka same shi ya tasa hoton wani tsohon shafi na littafin tallar kaya a gaba, wanda aka buga tun 1962 ko 1974, yana kallon motocin ƙarfe da jiragen ƙasa na wasa kamar wanda ya tsinci hoton mahaifiyarsa. Wasu har sun ɗauki wahalar bin littattafan nan shafi-shafi suna ɗaukar hotonsu suna zubawa a intanet kyauta. Wani abokina da muka yi poli tare, da na nuna masa, dariya ya yi ya ce ƙoshi ne kawai, sai wanda ya ci ya ture yake kukan motar roba. Na daɗe ina juya maganar nan tasa. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai ban yarda ta ƙare a nan ba.

Bari mu fara da littafin kansa, don wanda bai san shi ba ba zai gane kukan ba. Katalog suke ce masa. A 1872 wani ɗan kasuwa a birnin Shikago mai suna Aaron Montgomery Ward ya buga takarda guda ɗauke da sunayen kaya 163 da farashinsu, ya aika wa manoma ta gidan waya. Ka zaɓi abin da kake so, ka aiko da kuɗi, a ɗoro maka kayanka a jirgin ƙasa. A wancan lokaci yawancin Amurkawa a karkara suke zaune, sau da yawa kanti ɗaya ne a garin, mai kantin kuwa abin da ya ga dama shi yake yankawa. Bayan Ward sai ga Richard Sears, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a jihar Minnesota, wanda ya fara da sayar da agoguna a 1886, ya jawo wani mai gyaran agogo, Alvah Roebuck, suka kafa kamfanin da daga baya ya sha gaban na Ward. A 1896 gidan wayar ƙasar ya fara kai wasiƙa har ƙofar gidan manomi, a 1913 kuma ya fara ɗaukar ƙunshin kaya. Littafin ya yi ta kumbura har ya haura shafi 1,000. Babu abin da babu a ciki: garma, keken ɗinki, takalmi, magani, har gida sukutum, a kawo maka katakonsa da ƙusoshinsa a taragon jirgi ka harhaɗa abinka. In sabo ya zo, tsohon a kai shi bayan gida ya ƙarasa hidimarsa a can.

Amma wanda dattawan nan suke kuka a kai wani ne daban. A 1933 Sears ya fara fitar da katalog na musamman don Kirsimeti. Na farkon shafi 87 ne, 25 daga ciki na kayan wasan yara. Zuwa 1968 ya kai shafi 605, kayan wasa kaɗai sun cinye 225. A shekarar ne kamfanin ya amince da sunan da jama'a suka daɗe da laƙaba masa, wanda in za mu faɗa da Hausa sai mu ce Littafin Buri. Ga kuma abin da nake so ku riƙe: ba a watan Disamba yake isowa ba. Tun ƙarshen Agusta ko cikin Satumba mai raba wasiƙu yake jefo shi. Wato yaro zai yi wata uku zuwa huɗu yana kwana yana tashi da littafin kafin ranar da za a ba shi kyauta.

To yanzu ku yi lissafi tare da ni. Shafi 225, kowane shafi da abin wasa fiye da ɗaya, wani ma ya fi goma. Yaron gidan ma'aikacin masana'anta ko ƙaramin manomi, nawa za a saya masa? Ɗaya ko biyu, in an yi sa'a shekarar ta yi kyau. Ke nan kusan duk abin da dattijon nan yake kallo yau yana hawaye, hannunsa bai taɓa kaiwa kansa ba. Ku saurari yadda suke ba da labarin ma za ku ji. Da wuya ka ji wani ya tsaya bayanin yadda ya yi wasa da motar. Abin da suke tunawa shi ne kwanciya rub da ciki a tsakar falo, da zagaye hoto da biro, da naɗe bakin shafi yadda uwa za ta gani, da faɗa da ƙane a kan wa zai fara dubawa, da ƙamshin sabuwar takarda. Wani zai gaya maka lambar shafin da jirgin ƙasan Lionel yake a shekara kaza, ya ƙare da cewa ba a taɓa saya masa ba.

Shi ya sa nake ganin abokina ya yi kuskuren karanta su. Ya ɗauka kukan mai abu ne da abinsa ya ɓace. Ni kuwa a ganina kukan mai jira ne da aka raba shi da jiran. Kuma akwai hujja biyu da suka fi ƙarfin ra'ayina.

Ta farko. A 1977 fim ɗin Star Wars ya fito ya yi kasuwar da ba wanda ya zata. Kamfanin Kenner da ke da izinin ƙera mutum-mutumin 'yan wasan fim ɗin bai shirya ba, Kirsimeti ta matso babu ko guda a ƙasa. Me suka yi? Suka sayar da kwali. Kwali mai zane, a ciki da takardar shaida, yaro ya cike ya aika ta gidan waya, a aiko masa da mutum-mutumi huɗu bayan wasu watanni a 1978. Iyaye suka saya, yara suka buɗe kyautarsu da safe suka tarar da alkawari. Da a ce abin wasan ne kaɗai ake so, da ranar ta zama ranar baƙin ciki a tarihin yaran nan. Amma yau kwalin nan yana cikin abubuwan da masu tara tsofaffin kayan wasa suka fi nema, kuma waɗanda suka same shi suna yara da murmushi suke ba da labarinsa.

Ta biyu ta fi ban mamaki. Kamfanin dai na Kenner ya tallata wani ɗan mutum-mutumi mai suna Boba Fett, shi ma ta gidan waya za a aiko, aka ce yana harba ɗan roka daga bayansa. Kafin a fara rabawa, wani yaro ɗan shekara 4 ya mutu bayan irin wannan ɗan roka na abin wasan wani kamfani ya maƙale masa a maƙogwaro. Sai Kenner ya manne rokar, yara suka karɓi wanda ba ya harbi. 'Yan samfurin da aka ƙera masu harbin ba su taɓa shiga kasuwa ba. A 2024 aka yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan sama da dala miliyan 1. Ku duba fa. Abin wasan da aka fi zuba wa kuɗi shi ne wanda babu yaron da ya taɓa wasa da shi, a hoton talla kaɗai suka gan shi.

Na ce ban yi dariyar dattawan nan ba, kuma ina da dalilina na kaina. A layinmu akwai wani tela, ƙanen babanmu ne ta wajen zumunci, Kawu muke ce masa. Kun san teloli da ajiye katalog don mata su zaɓi ɗinki. A cikin nasa akwai wani ƙato na Ingila, bangonsa ya cire, ya ce a cikin dilar gwanjo ya tsince shi. Shi gaban littafin ne ya dame shi, inda riguna suke. Mu kuwa can baya muke zuwa. Shafuka ne kamar goma sha biyu na kayan wasa: motoci a kan titin roba mai lanƙwasa, jirgin ƙasa da tasharsa, wata motar kashe gobara ja mai tsani. In an taso daga makarantar allo sai mu taru mu huɗu ko biyar a bakin shagon, a buɗe shafi, kowa ya yi wuf ya ɗora yatsa ya ce wannan nawa ne. Wanda ya riga ɗorawa shi ke da ita, kuma wallahi har dambe an yi a kan motar kashe gobarar nan. Ba mu san kamfanin ba, ba mu iya karanta farashin ba, ba mu san ma littafin ya girme mu ba. Ba a taɓa kawo wa ɗayanmu komai ba, kuma babu wanda ya sa rai. Duk da haka in ka tambaye ni yau abubuwan wasan da na mallaka ina yaro, sai na yi da gaske kafin in cire motar nan daga lissafi.

Don haka in dattijo a Ohio ya ce zuciyarsa ta motsa da ya ga shafi na kaza, na gane yaren. Inda muka rabu da shi shi ne lokacin da ya ɗora da cewa ai zamaninsu ya fi, yara sun fi tarbiyya, kaya sun fi ƙarko, duniya ta fi daɗi. Nan ne kewa take fara ƙarya, kuma littafin da yake riƙe da shi shi ne babban mai ƙaryata shi, don kuwa katalog yana da abin da tunani ba shi da shi: farashi a ƙarƙashin kowane hoto.

Ɗauki misali. A 1950 kamfanin A. C. Gilbert ya fitar da wani akwatin gwajin kimiyya na yara, har da 'yan samfurin dutsen yuraniyom da na'urar auna tururinsa. Kuɗinsa dala 49 da santi 50. A shekarar, matsakaicin iyali a Amurka wajen dala 3,300 yake samu a shekara, wato dala sittin da 'yan kai a mako. Abin wasa guda ya kusa cinye cefanen mako da kuɗin haya da komai. Bai yi kasuwa ba, ba a daɗe ba aka daina yin sa. Yau kuwa ana yawan ɗora hotonsa a matsayin shaidar irin gatan da yaran da suka samu. Yaran wa?

A Ingila abin ya fi fitowa fili. Kamfanin Littlewoods na birnin Liverpool, da ya shiga harkar sayar da kaya ta gidan waya a 1932, da adashe ya fara. Mutum 20 su haɗu, kowa ya zuba sule ɗaya duk mako, kowane mako mutum ɗaya ya ɗauki kayan fam guda. Daga baya shi da irinsu Kays da Grattan da Freemans suka koma ba da kaya bashi ana biya mako-mako, kuma yawancin wakilan da ke bi gida-gida suna karɓar kuɗin matan unguwa ne. Wato motar da yaro ya buɗe da safen Kirsimeti ya karya ta kafin Janairu, uwarsa tana nan tana biyan kuɗinta har bazara. Tunanin daɗin na yaron ne, bashin na uwar. In ka karanta labaran kewar nan da yawa za ka lura da wuya a ambaci wannan ɓangaren, don mai ba da labarin yana ɗan shekara takwas a lokacin, ba shi ke riƙe da katin biya ba.

Haka batun launin fata, kuma shi fuska biyu gare shi. A kudancin Amurka zamanin dokokin wariya, baƙar fata in ya shiga kanti sai an gama da fararen da ke wurin kafin a kula shi, a sayar masa da abin da aka ga dama a farashin da aka ga dama. Katalog ya ba shi wata ƙofa, don takardar oda ba ta nuna launin wanda ya cike ta. Masanin tarihin nan Louis Hyman, wanda a lokacin yake jami'ar Cornell, ya yi bayanin wannan sosai a 2018 lokacin da Sears ya durƙushe. Har ƙona littattafan aka riƙa yi a wasu garuruwa, masu kantuna kuma suka baza jita-jitar cewa Sears baƙar fata ne don su kore masa fararen masu saye. Wannan alheri ne na gaske. Amma buɗe shafukan kayan wasa na shekarun 1950 ka duba yaran da aka zana suna murmushi da jirgin ƙasa a hannu. A duk waɗanda na duba, farare ne. Yaron baƙar fata yana iya yin oda, amma bai ga mai kama da shi yana riƙe da abin ba.

Sai kuma kalmar nan ta "kayan wasan yara maza", wadda ake faɗinta kamar daga sama ta sauko. 'Yan kasuwa ne suka gina katangar, kuma sun sha matsar da ita in riba ta ce a matsar. A 1964 kamfanin Hasbro ya fitar da G.I. Joe, soja ɗan inci 12 da ake canja wa kaya ana sa masa takalmi. Kowa ya gani ya san 'yar tsana ce. Amma sun san uba ba zai saya wa ɗansa namiji 'yar tsana ba, sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka ƙirƙiro masa wani da ke nuna jarumta. Yara maza miliyoyi suka yi ta yi wa 'yar tsana ado ba su sani ba. Motocin Matchbox kuwa, da suka fara fita a 1953, labarin da aka fi bayarwa shi ne Jack Odell ya ƙera ta farkon ne don 'yarsa, saboda makarantarsu ba ta yarda a zo da abin wasan da ya fi ƙarfin gidan ashana ba. Ga abin da ya zama tambarin yarintar maza, ashe don yarinya aka fara yin sa. Wata masaniyar zamantakewa, Elizabeth Sweet, ta bi katalog ɗin Sears na shekaru daban-daban tana ƙirgawa. Ta samu a na 1975 ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kayan wasan ne aka fito fili aka ce na maza ne ko na mata, amma zuwa 1995 abin ya koma kusan rabi. Ke nan wanda ya ce a da an san namiji an san mace, sai a tambaye shi wace shekarar yake nufi.

Batun haɗari ba zan daɗe a kai ba. Akwai akwatunan da ake sayar wa yara su narka dalma su zuba sojoji da kansu. Akwai bindigar iska ta Daisy, wadda samfurinta mai suna Red Ryder ya yi sunan da har fim aka yi a 1983 a kan yaron da ya ƙwallafa rai a kanta manya suna ta ce masa zai tsone idonsa. Akwai wasu manyan kibau masu bakin ƙarfe da ake jefawa sama a filin gida, waɗanda gwamnati ta haramta a 1988 bayan ɗaya ta faɗo a kan wata yarinya 'yar shekara 7 ta kashe ta. In dattijo ya ce mu mun yi wasa da su ga mu nan lafiya lau, amsar a bayyane take. Waɗanda ba su tsira ba ba sa nan balle su yi magana.

Duk da haka akwai wuri guda da nake ba su gaskiya, kuma ba don kara ba. A cikin shafukan nan akwai wani jinsin abin wasa da ke zuwa a wargaje. Frank Hornby, wani akawu a Liverpool, ya yi rajistar nasa a 1901, wanda daga baya ya zama Meccano: 'yan sandunan ƙarfe masu huji-huji, da noti, da ƙusa mai zare, da tayoyi, da ƙaramin sifana. A Amurka Gilbert ɗin nan da na ambata, likita ne da ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1908 a Landan, ya fitar da irinsa mai suna Erector a 1913, bayan ya riƙa kallon turakun ƙarfen da ake kafawa a gefen layin dogo in yana tafiya New York. Ba mota ake sayar maka ba, ba gada ba. Ƙarafa ne a akwati, in ka so su zama gada yau, gobe ka kwance su zama injin ɗaga kaya. In ka ɗaure noti bai ɗauru ba abin ya rushe a gabanka, babu wanda za ka ɗora wa laifi.

Na san darajar wannan ne a wokshop ɗin poli. A ajinmu, ranar da aka fara ba mu aikin hannu, nan take aka rabu biyu. Akwai waɗanda suka fi mu maki a takarda amma suna riƙe filaya kamar za ta cije su. Akwai kuma wani yaro daga ƙauye da Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfe yana jin maganarsa. Da na tambaye shi ya ce shi tun yana ƙarami yake ƙera motar langa-langa da ta kara, har da sitiyari mai juya tayoyin gaba, yana yanko tayar daga tsohon silifa. Abin da Hornby ya sa a akwati ya sayar, shi wannan a bola ya tsinto nasa. Hannun dai iri ɗaya ya fito. Don haka in dattijon Ingila ya ce Meccano ne ya mai da shi injiniya, ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne ya haɗa Meccano da duk sauran tarkacen shafin ya ce duka haka suke. Tun a shekarun 1980, da aka sassauta dokar talla a shirye-shiryen yara a talabijin ɗin Amurka, kayan wasa irinsu He-Man da Transformers suka riƙa zuwa da labarinsu a gama, an riga an faɗa wa yaro wane ne jarumi wane ne mugu. Yaran wancan lokaci su ma yanzu sun haura arba'in, kuma kewarsu ba ta gaza ta masu Meccano zafi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba ingancin abin ne ke jawo hawayen ba.

Kalmar da Turawa ke kiran wannan ciwo da ita ma asalinta sunan cuta ne. Wani ɗalibin likitanci a birnin Basel, Johannes Hofer, shi ya ƙirƙiro ta a 1688 don bayyana halin da mutanen Suwizalan ke shiga in sun daɗe a ƙasar waje, musamman sojojin haya, har su kwanta rashin lafiya don begen gida. Maganinta a lokacin shi ne a mai da mutum garinsu. Mu kuma muka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na daɗe ina ɗaukar karin maganar nan a matsayin hukunci a kan bana. Yanzu ina ganin har da mai tunawar take nufi. Dattijon da ke kallon shafin 1965 ba shekarar 1965 yake nema ba, wadda ƙasarsa ke tura matasa yaƙin Biyetnam a cikinta. Yana neman gidan da uwarsa ke kicin, ubansa bai mutu ba, kuma babbar matsalarsa a duniya ita ce ko za a ga shafin da ya naɗe. Sojan Hofer ana iya sa shi a hanya ya koma gida. Wannan kuwa ina za a kai shi?

Ward ya daina buga katalog ɗinsa a 1985. Sears ya rufe babban nasa a 1993, ya shigar da takardar karyewa a 2018. A Ingila, Argos, wanda nasa a kanti ake ɗauka ba ta gidan waya ba, ya daina bugawa a 2020 bayan shekara 47. Abin dariyar shi ne a 2018 ɗin nan dai Amazon, kamfanin da ya fi kowa cin gajiyar mutuwar irin wannan ciniki, ya fara buga katalog ɗin kayan wasa na takarda yana aika wa gidaje gab da Kirsimeti. Su da suka san abin da kowa ya danna da minti nawa ya yi yana kallo, ba don tausayin dattawa suka koma wa takarda ba. Sun gano yaro da biro a hannu yana zagaye hoto ya fi duk wata tallar waya aiki.

Kuma ina jin na san dalili. Katalog yana da shafin ƙarshe. Abin da ke ciki shi ke nan har baɗi, don haka dole ka koma kan hoton jiya, ka sake kallonsa, ka haddace shi, ka ƙara masa abin da babu. Ƙanena ɗan shekara tara yana karɓar wayata ya kalli bidiyon yaran wasu ƙasashe suna buɗe kwalayen kayan wasa. A awa ɗaya yana ganin abin da ya ninka shafuka goma sha biyun Kawu sau ɗari. Na tambaye shi rannan wanne ya fi so a cikin waɗanda ya gani jiya. Ya yi shiru, ya ce ya manta, in ba shi wayar ya nemo. Ba na cewa yarintarsa ta fi tawa lalacewa, kada in faɗa ramin da na gama haƙa wa dattawan Ohio. Wataƙila nan da shekara talatin shi ma zai ga wani abu ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, abin da ni ban ma lura yana kallo ba.

Da sallar da ta wuce na je gaida Kawu na tambaye shi littafin. Ya daɗe yana tunani kafin ya gane wanda nake nufi. Ya ce ai tun da mata suka koma nuna masa ɗinki a waya ya daina ajiye su, wancan kuma yana jin mai ƙosan bakin layi ya ba wa. Na ce masa akwai wata motar kashe gobara a ciki da muka yi dambe a kanta. Ya cire allura daga bakinsa ya dube ni, ya ce shi duk shekarun nan bai taɓa sanin akwai motoci a littafin ba.